Sanar da likita idan awon tsoho ya sauya

Wannan wani sashe ne na aikin nas a gidan kula da tsofaffi, wato kiran likita idan an auna zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, hawan jini ko oksijin aka ga lamba ta kauce daga inda ta saba. A irin gidajen nan likita ba ya kwana, sai dai ya leƙo, to kusan komai ta waya ake yi. A Kaduna ma da yawanci a gida ake jinyar tsoho, nas ta zo da na'ura ta auna, matsalar duk ɗaya ce.

Ga babba mai lafiya zuciya na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, oksijin kashi 95 cikin ɗari ko sama. Amma jikin tsoho ɓoye ciwo yake, sai ka ga Baba na da limoniya jiki bai yi wani zafi ba, kawai ya ƙi taɓa kokonsa ya fara ruɗewa, shi ya sa digiri 37.8 a tsoho zazzaɓi ne, kuma mai shan atenolol, wani maganin hawan jini, bugun zuciyarsa ba lallai ya hau ba ko ciwo ya yi tsanani. Numfashi shi aka fi yi wa ha'inci, a rubuta 20 da ka ba a ƙirga ba, alhali in ya kai 25 ba a jira safiya. Lokacin hunturu kuma yatsa mai sanyi kan sa na'urar oksijin ta yi ƙarya, a ɗumama hannun a sake aunawa tukun.

Tsarin maganar da aka fi sani shi ne SBAR, daga sojojin ruwan Amurka aka aro shi: me ke faruwa yanzu, tarihin ciwo da magunguna, me nas ke zato, me take so a yi. "Likita, Baba ba ya jin daɗi" ba rahoto ba ne. A ce jini jiya 140, yanzu 95, tun la'asar bai yi fitsari ba. A Ingila akwai wani tsari, NEWS2 na 2017, mai haɗa awon ya zama maki, ya kai 5 a duba da gaggawa.

Saƙon WhatsApp da ba a buɗe ba, ba a ce an sanar ba. Kira ake yi, nas ta maimaita umarnin likita ya ji, ta rubuta lokaci a kati saboda mai karɓar dutin dare.