Faɗuwar Tauraro da Duwatsun Sama

Faɗuwar tauraro shi ne sunan da Hausawa suke kiran hasken nan da kan gilma a sama da dare, ya ja layi ya ɓace kafin mutum ya ce wa na kusa da shi ya duba. Tauraro dai ba ya faɗowa. Abin da ake gani ɗan tsakuwa ne ko guntun ƙarfe daga sararin samaniya, galibi bai fi ƙwayar gero ba, da ya kutso cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun da ke tsakanin kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya. Gudun nan ne ke matse iskar da ke gabansa har ta yi zafi sosai, sai ya narke ya haskaka a tsayin kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa.

Mafi yawan manyan duwatsun suna fitowa daga tarin duwatsu da ke kewaya rana tsakanin duniyar Mars da Jupita. Idan suka yi karo suka farfashe, ƙarfin jan Jupita kan karkatar da wasu har hanyarsu ta ratsa ta duniyarmu. Ƙananan kuwa da yawansu ƙura ce da tauraro mai wutsiya ke bari a bayansa. Duniya na bi ta cikin ƙurar a lokaci guda kowace shekara, shi ya sa ake samun darare da faɗuwar ke yawaita: tsakiyar Agusta, lokacin da gajimaren damina kan rufe saman Kaduna, da kuma wajen 13 da 14 ga Disamba, idan hazon hunturu ya yi sauƙi kuma mutum ya nisanci fitilun gari.

Wanda ya yi girman da bai ƙone duka ba, shi ne ke isowa ƙasa. Akan gane shi da baƙin ɓawo kamar an gasa shi, da nauyin da ya fi na dutse mai girmansa, kuma mayen ƙarfe kan kama mafi yawansu. Bai kamata a haɗa shi da gatarin aradu ba, wanda makamin dutse ne da mutane suka sassaƙa a zamanin da.

Arewa na da nata rabo mai daraja. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana gonarsa kusa da Zagami a lardin Katsina, sai ya ji ƙara, ƙura ta tashi kusa da shi, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse cikin ƙasa. Aka kawo shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Daga baya masana suka gano cewa iskar da ke kulle a cikinsa iri ɗaya ce da wadda kumbon Viking ya auna a Mars a 1976. Wato wani karo ne ya tumɓuke shi daga can, ya shafe shekaru miliyoyi yana yawo kafin ya sauka a gonar Bahaushe. Abin takaici ne ƙwarai yadda ɗalibanmu da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Wasu duwatsun sun faɗo a Mayo Belwa a 1974 da Gujba a 1984.

Babban dutse kan yi ɓarna. Wanda ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha ranar 15 ga Fabrairu 2013 ya kai kusan mita 20, ya kuma raunata mutum kimanin 1,500, yawancinsu da gilashin tagogi.