Waiwaye: Yadda Najeriya Ta Bar Tsarin Firaminista, da Yadda Ake Neman Komawa

A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60, daga jam'iyyu daban-daban, suka gabatar da ƙudirorin gyaran kundin tsarin mulki domin Najeriya ta koma tsarin firaminista daga shekarar 2031. Abdussamad Dasuki na Sakkwato ne ya yi magana da yawunsu. Hujjarsu ita ce tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko ya cika cin kuɗi, kuma ya tattara iko ya damƙa wa mutum ɗaya. A ƙarshen 2018 ma an kai makamancin wannan ƙudiri, ya shiga aljihun tebur bai fito ba. Mafi yawan masu tafka muhawara a kai yanzu ba a haife su ba lokacin da aka yi tsarin da ake son farfaɗowa, shi ya sa ake jin maganar kamar sabuwa.

Turawa ne suka bar mana tsarin, kwatankwacin na Ingila. Talaka yana zaɓen ɗan majalisar mazaɓarsa, wanda ke da rinjaye a majalisa shi ke kafa gwamnati, ministoci kuma daga cikin 'yan majalisar ake ɗauko su, suna zaune ana yi musu tambayoyi ido da ido. A zaɓen 1959 kujeru 312 ake takara, 174 daga ciki a Arewa suke. Jam'iyyar NPC ta Arewa ta fi kowa kujeru amma ba ta kai rabi ba, sai ta ƙulla ƙawance da NCNC, jam'iyyar Azikiwe. Abubakar Tafawa Balewa ya ci gaba da zama Firaminista, Nnamdi Azikiwe ya zama Gwamna Janar, sannan Shugaban Ƙasa na jeka-na-yi-ka a 1963, Obafemi Awolowo kuwa ya zama madugun adawa. Sardauna, wanda shi ne shugaban NPC, bai ma je Legas ba. Ya zauna Kaduna yana Firimiya, domin a lokacin ƙarfi a jihohi yake.

Ɓarakar farko daga Jihar Yamma ta fito. A 1962 Awolowo da Firimiya Akintola suka raba gari. Gwamnan jihar, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya sauke Akintola bisa takardar da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna a zauren majalisa ba, ya naɗa Adegbenro, na ɓangaren Awolowo, a madadinsa. Da majalisa ta zauna sai aka kaure da dambe da jifa da kujeru. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Majekodunmi kantoma. Kotun ƙoli ta Sarauniya a Landan ta ce Adegbenro ke da gaskiya, sai aka gyara kundin jihar aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza, daga bisani ma aka soke ɗaukaka ƙara zuwa Landan ɗungurungum.

Sai rigimar ƙidaya. Inda yawan kujeru ke ba da mulki, yawan jama'a kuma ke ba da kujeru, ƙidaya ta fi zaɓe zafi. An soke ta 1962, aka sake a 1963, aka samu mutum miliyan 55.6 tare da rinjayen Arewa, Jihar Gabas ta ce ba ta yarda ba. Daga nan auren NPC da NCNC ya fara tangal-tangal.

Zaɓen 30 ga Disamban 1964 shi ya fasa ƙwan. Ƙawancen NNA na su Sardauna da Akintola ya kara da UPGA, wadda ta haɗa NCNC da AG ta Awolowo da NEPU da UMBC, 'yan adawar Arewa. 'Yan adawa suka yi kukan an hana su ko miƙa takardun tsayawa a mazaɓu da dama, aka ce 'yan takarar gwamnati sun wuce ba hamayya, UPGA ta ƙaurace wa zaɓen. Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Balewa ya kafa gwamnati. Kwanaki ƙasa tana tsaye, ana tambayar umarnin wa soja za su bi, na Shugaban Ƙasa ko na Firaminista. Sai ranar 4 ga Janairun 1965, bayan su Alƙalin Alƙalai Adetokunbo Ademola sun shiga tsakani, Azikiwe ya kira shi. Zaɓen Yamma na Oktoban 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone, ranar 15 ga Janairun 1966 kuma soja suka yi abin da suka yi.

Waɗancan kwanaki na Janairun 1965 ne suka tsaya wa mutane a rai. Lokacin da Janar Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon kundi ranar 18 ga Oktoban 1975, a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams, tun a jawabinsa ya nuna inda soja suka karkata: shugaba ɗaya mai cikakken iko wanda duk ƙasa za ta zaɓa. An naɗa mutum 50, Awolowo ya ƙi shiga, aka yi aiki da 49. Dokta Yusufu Bala Usman da Segun Osoba suka ƙi sa hannu, suka rubuta nasu rahoton. A Majalisar Tsara Mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda Mai Shari'a Udo Udoma ya jagoranta, batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ne ya tayar da ƙura har wakilai suka fice. Sauya tsarin mulki kacokan bai sha gardamar da ta kai wannan ba, abin da a ganina ya nuna tun daga sama aka gama magana.

Dabarar sabon kundin ita ce a tilasta wa ɗan siyasa fita daga yankinsa. Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Amma wa ya zauna ya raba jihohi 19 gida uku? A zaɓen 1979 Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a ta 13 kuwa, wato Kano ta Malam Aminu, ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. Lauya Richard Akinjide ya ce lissafin 12 ne da biyu bisa uku, don haka kashi ɗaya bisa shida na ƙuri'un Kano ya wadatar. Kotun Ƙoli ta yarda kwanaki kaɗan kafin rantsuwa. Jikan wannan gardama ce aka sake yi a 2023 kan kashi 25 na Abuja.

Gudun gara aka yi, aka tarar da zago. A tsohuwar Jihar Kaduna jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kuma cika majalisa da 'yan NPN. A tsohon tsari hakan ba ya ma yiwuwa. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, har aka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981. Jamhuriya ta Biyu kanta shekara huɗu da wata uku ta yi, ba ta kai tsawon ran mulkin firaminista na 1960 zuwa 1966 ba, kuma maguɗin zaɓen 1983 ne ya share wa soja hanya, kamar yadda na 1964 da 1965 suka yi.

Masu cewa a gauraya tsarin biyu su leƙa maƙwabta. Kundin Nijar na 1992 ya tanadi shugaban ƙasa zaɓaɓɓe da firaminista daga masu rinjaye a majalisa. Bayan zaɓen Janairun 1995 adawa ta kama majalisa, Shugaban Ƙasa Mahamane Ousmane ya tsinci kansa da Hama Amadou a matsayin firaminista. Aka yi ta zaman doya da manja, taron majalisar ministoci ma ya gagara, har Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su duka ranar 27 ga Janairun 1996. Duk da haka taron ƙasa na 2014 a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, gaurayen ya ba da shawara, har da ɗauko mataimakin shugaban ƙasa daga majalisa.

Maganar tsada gaskiya ce. Fom ɗin neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar a 2022, ga sanatoci 109 da wakilai 360, ga minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, ga mashawarta da mataimakan mashawarta. Sai dai ban ga abin da zai hana kuɗin da ake zuba wa daliget a wajen fid da gwani komawa aljihun 'yan majalisa ranar zaɓen firaminista ba. Kuma da zarar kujera ta sake zama ita ce mulki, tsohuwar tambayar 1963 za ta taso: da wace ƙidaya za a raba mazaɓu? Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006.

Kafin a kai nan ma, gyaran yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a Abuja da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisun nan a tafin hannun gwamnoni suke, kuma gwamnonin ne ake so su yarda a mayar da kujerarsu wadda 'yan majalisa za su iya ƙwacewa a zama ɗaya.