Man Shafawar da Aka Ce "Ba a Gwada Shi a Kan Dabbobi Ba"

Mutane da dama sun daɗe suna ɗauka cewa wannan rubutu a jikin kwalba yana nufin babu dabbar da ta sha wuya. Niyyar mai saye kyakkyawa ce, sai dai rubutun bai cika ba da wannan tabbaci ba.

Sau da yawa haɗaɗɗen man kawai ake nufi. Sinadaran cikinsa, irin su turare, launi da maganin hana lalacewa, daga wasu masana'antu ake sayo su, kuma ta yiwu a can aka ɗiga su a idon zomo ko aka shafa a fatarsa bayan an aske gashin. Wani kamfanin ma ba ya gwajin da kansa, biyan wani ɗakin bincike yake yi. Abin takaicin, sau da yawa ba dole ba ne a yi amfani da dabba, domin yanzu ana iya auna ƙaiƙayin fata a kan ƙwayoyin fatar mutum da aka raina a ɗakin gwaji.

Kafin ka amince, duba ko alƙawarin ya haɗa da sinadarai da masu kawo su, daga wace shekara aka daina gwajin, kuma ko masu bincike na waje ne suka tantance. Hoton zomo a jikin kwalba kaɗai ba shaida ba ne, kowa na iya zana shi.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.