Fere saƙar zuma da zafi

Fere saƙar zuma shi ne cire siririn murfin kakin da ƙudan zuma ke liƙe ramukan saƙa da shi, domin zuman ya samu hanyar fita a cikin injin tatsa. Ƙudan ba sa rufe rami sai zuman ya nuna, wato ruwan da ke cikinsa ya ragu zuwa kusan kashi 18 cikin ɗari. Aikin ya samo asali ne daga ƙirƙire-ƙirƙire biyu: amyar katako mai firam da ake zarowa, wadda Lorenzo Langstroth ya yi wa rajista a Amurka a 1852, da injin tatsa mai juyawa da Franz Hruschka ya fito da shi a 1865.

A Saudiyya, masu kiwon zuma da yawa a Baha, Asir da Ɗa'ifa har yanzu suna amfani da amya ta gargajiya mai siffar gungumen icce, inda ake yanko saƙar a sayar da ita yadda take ko a matse ta. Masu amyar zamani ne ke buƙatar ferewa, domin suna so su mayar wa ƙudan da saƙarsu lafiya lau su sake cika ta.

Kakin zuma na narkewa ne a zafin digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyos. Shi ya sa ake amfani da zafi wajen ferewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsoma doguwar wuƙa cikin ruwan zafi, a goge ta ta bushe sarai, domin ɗigon ruwa na iya sa zuma ya yi tsami. Akan ajiye wuƙa biyu, ɗaya a hannu ɗaya a tukunya. Wuƙar lantarki kuwa ita ke riƙe zafinta da kanta. Mai aikin yakan tsayar da firam a kan sandar da aka gitta bisa baho, ya ɗan karkato shi, ya bi katakon gefe da wuƙar a hankali. Murfin sai ya naɗe kamar tabarma ya faɗa cikin bahon, zuman ya bayyana yana sheƙi. Inda saƙar ta lotsa wuƙa ba ta kai ba, sai a ɓanɓare da ƙarfe mai yatsu.

Akwai kuma na'urar hura iska mai zafi. Tana da sauri, kuma ba ta ɓata wuri. Amma ta fi yin aiki a kan farin murfi, wanda ke da 'yar iska tsakaninsa da zuman. Da zafi ya taɓa shi sai ya fashe ya janye gefe. Murfin da ya manne da zuma, mai duhu kamar jiƙaƙƙe, yakan narke ya sake daskarewa a bakin ramin. Babbar asarar ita ce kakin murfin kansa, wanda shi ne mafi tsabta da haske, kuma mafi daraja a duk kakin amya. Wuƙa na tara shi, iska ba ta tarawa, shi ya sa wuƙar ta fi dacewa da mai amya da yawa.

Kakin ake nufi da zafin, ba zuman ba. Idan hannu ya yi nawa, zuman yakan yi duhu, ƙamshinsa ya ragu, sinadarin HMF, wanda ke nuna cewa zafi ya taɓa zuma, ya ƙaru a cikinsa. Ƙa'idar Codex ta abinci ta duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 40 cikin kilo ɗaya, ko 80 ga zuman ƙasashe masu zafi. Kula da wannan na da muhimmanci musamman ga zuman magarya, wanda Larabawa ke kira sidir, mai tsadar gaske, da Hausawan Makka da Jidda ke saya don magani ko su haɗa wa alhazai tsaraba. A lokacin bazarar Saudiyya kaki ya riga ya yi laushi tun daga amya, don haka wuƙa mai ɗan ɗumi da kaifi ta wadatar.