Takardar fili daban, izinin gina bene daban

Duk wanda ya zagaya unguwannin birnin Yamai irin su Kubiya, Bobiyel ko Yamai 2000 kwanan nan ya ga yadda benaye na siminti ke tasowa, hawa uku hawa huɗu, kowane hawa da iyalansa ƴan haya. Da yawa daga masu su sun ɗauka cewa da zarar takardar mallakar fili ta shiga hannu, sai a kira magini. Doka ba ta ce haka ba.

Dokoki biyu ne ke riƙe da wannan sha'ani a Nijar: mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilun 2017 kan tsara birane, da mai lamba 2018-25 ta 27 ga Afrilun 2018 kan gini da muhalli. Takardar fili shaida ce kawai cewa wurin naka ne. Abin da za ka ɗora a kansa kuwa sai da izinin gini, wanda ake nema a ma'aikatar magajin gari, a haɗa da shaidar mallaka da zanen ginin. Masana za su duba ko zanen ya dace da tsarin unguwar, ko bai ci hanya ba, da inda ruwan wanka da na masai za su bi.

Inda na fi son a tsaya shi ne ƙarin hawa. Mutum ya karɓi izinin gida na ƙasa, bayan shekara biyu kuɗi sun samu, sai ya zuba dal, wato rufin siminti, ya ɗora hawa biyu. Tsohon izinin bai rufe wannan ba, sai an nemi sabo. Dalilin a fili yake: tushe da ginshiƙai da ƙarfen da aka lissafa don ɗaukar rufi ɗaya ba su ƙaru ba don aljihun mai gida ya ƙaru. In suka gaza, ƴan haya ne a ƙasa, da yaransu.

Ƙasar ma ba ɗaya ba ce. Wanda ya ga abin da kogin Isa ya yi wa unguwannin Lamorde da Kirkisoye a damanar 2020 ya san filin kwari ba ya ɗaukar nauyi kamar na tudu.

Wanda ya yi gini ba izini, hukuma na iya tsayar da aikin, ta ci shi tara, har ta kai ga rushewa. Shi kuma mai neman haya a bene, ba laifi ba ne ya ce wa mai gida: Alhaji, hawa nawa izinin ya ce?