Gonar iyali

Gonar iyali ita ce gonar da mutanen gida ɗaya ke riƙe da ita, su ke yanke shawarar abin da za a shuka ko a kiwata, kuma mafi yawan aikinta da hannunsu ake yi. Wannan ma'anar ce Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, take aiki da ita, har ta haɗa da makiyaya da masunta. Girma ba ya cikin sharaɗi. 'Yar fadamar shinkafa a Bangaladash gonar iyali ce, haka ma dubban hektocin alkama a Kanada, muddin iyaye da 'ya'yansu ke gudanar da su.

A lissafin FAO akwai gonaki sama da miliyan 600 a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 iyali ne ko mutum ɗaya ke tafiyar da su. Su ke samar da kusan kashi 80 na abincin duniya idan aka auna da darajarsa ta kuɗi. Sau da yawa ana rikita su da ƙananan gonaki, alhali ba ɗaya ba ne: gonakin da ba su kai hekta 2 ba su ne kashi 84 na dukkan gonaki, amma kashi 12 kacal na ƙasar noma ke hannunsu, suna kuma fitar da kusan kashi 35 na abinci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2014 a matsayin shekarar noman iyali, sannan ta keɓe 2019 zuwa 2028 domin shi.

Rayuwar yau da kullum

Babban abin da ya bambanta wannan rayuwa da ta ma'aikaci shi ne gida da wurin aiki abu ɗaya ne. Babu lokacin tashi daga aiki. Saniyar tatsa tana bukatar hannu safe da yamma, ranar biki da ranar makoki. Idan aka yi jinkiri hantsarta ta cika ta kumbura, har ciwo ya iya shiga. Tunkiya kan fara naƙuda da tsakar dare, sai a tayar da yaro ya riƙe fitila. A nan zai ga yadda ake share majina daga hancin ɗan ragon, a goge jikinsa, a kai bakinsa ga nono ya sha dakashi tun a sa'o'in farko. Ba wanda ya zaunar da shi ya ba shi darasi, amma ya koya. Yawancin ilimin gona haka yake tafiya daga babba zuwa ƙarami: wane sashe ne ruwa ke kwanciya, wane iri ne ke jure fari, wane hadari ne mai zuba.

Aikin kuma ba ya zuwa daidai wa daida. Shuka da girbi suna da 'yan kwanakinsu, wanda ya makara ya yi asarar shekara, don haka a lokacin kowa na gona har da tsofaffi. Sauran watanni na gyaran shinge ne da rumbu da kayan aiki. Kuɗi ma haka: su shigo sau ɗaya ko biyu a shekara, a yi ta lallaɓa su har wani girbin.

Yadda iyali ke juya gona

Masanin tattalin arziki ɗan Rasha, Alexander Chayanov, ya nuna a shekarun 1920 cewa gidan manomi ba ya lissafi irin na kamfani, tunda ba ya biyan kansa albashi. Abin da yake aunawa shi ne bakunan da za a ciyar da hannuwan da za su yi aiki. Ma'aurata masu ƙananan yara su suka fi jin jiki. Idan yaran suka tasa sai noman ya faɗaɗa, idan suka yi aure suka watse sai ya sake tsukewa. An harbe Chayanov a 1937, bayan gwamnatin Stalin ta Tarayyar Sobiyet ta fara tilasta wa manoma shiga gonakin gama-gari, wato na haɗin gwiwa a ƙarƙashin hukuma, tun 1929. Tarihi ya fi ba shi gaskiya. A 1978 manoma 18 na ƙauyen Xiaogang a lardin Anhui na ƙasar Sin suka dangwala yatsa a asirce, suka raba gonar gama-gari tsakanin gidajensu. Amfanin da suka samu ya ƙaru sosai, kuma cikin 'yan shekaru tsarin ya zama manufar ƙasar baki ɗaya.

Sai dai wannan ƙarfi na gonar iyali yana da tsada, kuma ba kowa ke biyan ta daidai ba. FAO ta ƙiyasta a 2011 cewa mata su ne kashi 43 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, ga girki da ɗebo ruwa da raino a kai, amma kaɗan ne cikinsu ke da fili da sunansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2020 yara miliyan 160 ke aikin da ya fi ƙarfin shekarunsu, kashi 70 a harkar noma, akasari a gonar iyayensu. Yaro ya taya iyayensa aiki tarbiyya ce mai kyau. Wanda aka cire daga makaranta, ko aka ɗora masa tankin feshin maganin ƙwari a baya, an zalunce shi, ko da talauci ne ya jawo.

Gado

Iyali na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Ingila ta daɗe tana bai wa babban ɗa fili gaba ɗaya, gona ta zauna cikakkiya, ƙanne su nemi wata sana'a. Dokar Napoleon ta 1804 a Faransa ta wajabta a raba tsakanin 'ya'ya, aka yi adalci amma filaye suka yi ta gutsurewa. Yau a ƙasashe da dama matsalar ta juye, magajin ne babu. Ƙidayar noma ta Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi ya kai 58. Inda aka sami ɗa ko 'ya mai son ci gaba, sai a tarar uban bai shirya sakin ragama ba, domin gonar ita ce gidansa, ita ce kuma fanshonsa, ga sauran 'yan'uwa da suka koma birni suna jiran rabonsu.