Yaron da ya rasu yakan zama mala'ika?

A gidan makoki, musamman idan jariri ne ya rasu, ana yawan cewa, "Ai ya zama mala'ika." Masu faɗin haka ta'aziyya suke nufi, kuma niyyarsu mai kyau ce. Amma Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Mala'iku halitta ce dabam da ɗan Adam. Ibraniyawa 1:14 ta ce ruhohi ne masu hidima, waɗanda ake aikowa domin masu gādon ceto. A Matiyu 18:10, Yesu ya ce ƙananan nan suna da mala'ikunsu masu ganin fuskar Uba kullum. Yaron na nan, mai hidimarsa na nan, ba ɗaya ba ne.

Farawa 21 ta fi taɓa zuciyata. Ruwan salkar Hajaratu ya ƙare a jejin Biyer-sheba, ta ajiye ɗanta a gindin wani ƙaramin itace, ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Allah ne ya ji kukan yaron. Mala'ika ya kira ta daga sama, Allah kuma ya buɗe idonta ta ga rijiya. A nan ma, yaron dabam, mala'ikan dabam.

Idan kun ji an ce yaro ya zama mala'ika, ku tambayi sura da aya, ku karanta surar dukanta. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.